Zauren Kaka da Baƙon Japan

Duk sanda na ji warin makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ake shafe gini da shi, sai ƙuguna ya fara ciwo tun ban hau tsani ba. Kuma wallahi wani mutumin Japan ne ya ja min.

Gidanmu a tsohuwar unguwa yake, bayan kasuwar Kudan. Zauren ƙofar gidan kuwa kakan Kakana ne ya gina shi. Ƙofa gajeriya, sai ka sunkuya. Ciki duhu, ga sanyi kamar cikin randa, azara ta yi baƙi ƙirin, bangon duk zane. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Baffana ya yi sa'ar auduga, ya sayo kwano ya jingine a tsakar gida, ya ce zauren nan rushe shi za a yi. Kaka ya ce sai bayan ransa. Aka yi ta ja har tsoho ya fara gajiya, ya ce to a bari a gama kasuwar auduga.

Ana cikin haka labari ya zo wai wani baƙo daga masaƙar Kaduna zai zo duba auduga, kuma yana son a zaga da shi gari. Mai unguwa ya tara dattawa. Ka san mu, baƙo ba a nuna masa tsumma. Aka tsayar za a kai shi injin niƙa, da sabuwar rijiyar siminti, da shagon tela. Zauren kuwa Baffa ya ce abin kunya ne, aka kafa zana aka rufe shi ruf.

Baƙo ya iso, ɗan gajere, kyamara a wuya, da tafinta ɗan Zariya. Mu yara muna binsa duu. Aka tayar masa da injin niƙa, gari ya bule masa kai, ya rusuna ya yi godiya. Aka kai shi rijiya, ya leƙa, ya rusuna. A shagon tela ya shafa keken ɗinkin ya yi murmushi, tafinta ya ce ai a ƙasarsu ake ƙera shi. Kyamarar nan ko sau ɗaya bai ɗaga ba. Mai unguwa ya fara zufa.

Muna wucewa ta ƙofar gidanmu aka kira azahar. Sai muka ji muryar Kaka daga bayan zana: "Wane ɗan banza ne ya tare min hanyar masallaci?" Ya sa sanda ya tura, zana ta kife.

Baƙo ya tsaya cak. Ba wanda ya ce masa komai, ya tuɓe takalmi. Ya rusuna wa Kaka. Kaka ya ga baƙo ne, shi ma ya rusuna. Baƙo ya ƙara yin ƙasa, Kaka ya ƙara. Sai da tsoho ya kai durƙushe sannan ya dubi tafinta ya ce, "Ɗan nan, gaya masa ya tsaya haka, gwiwata ba lafiya."

Baƙo ya shiga zauren, sai da aka idar da salla sannan ya fito, ya ɗauki hoto har da na indararo. Ya zaro wasu hotuna daga aljihu, na unguwarsu a wani tsohon birni: lunguna ƙanana, gidajen katako da suka yi baƙi, ɗakin ibada a cikin itatuwa. Tafinta ya ce mutane har jirgin ƙasa suke shiga su zo kallo.

Kaka ya daɗe yana duba. "Allah sarki. Ba su samu na kwano ba ne?"

Tafinta ya ce, "Suna da shi, Baba. Hana rushewa aka yi."

Kaka ya juya a hankali ya dubi Baffa. "To ka ji masu ƙera keken ɗinki."

A nan take mai unguwa, wanda zauren ya fitar da shi kunya, ya ce duk wanda ya taɓa ginin nan da shi ya yi. Kwanon ya ƙare a kan ɗakin Baffa.

Abin da baƙon bai tambaya ba shi ne wa zai riƙa yaɓe. Kafin Kaka ya rasu ya ɗora min, wai tunda na gudo daga makaranta ni ne mara aikin yi. Na yi karen mota, na yi dako a Kano, na leƙa Jos, amma da bazara ta kama saƙo zai same ni ko ina nake.

Yanzu unguwar duk kwano ne, kuma tun daga ranar ba wani ɗan kallo da ya sake zuwa. Mutum ɗaya ne ba ya fashi: Baffa. Da rana ta take ɗakinsa ya zama tanda, sai ya jawo tabarma ya miƙe a zauren. Ina sama ina fama da laka, yana min ihu daga ciki: "Kai, ka shafe da kyau, ko baƙo zai zo!"