Rauta a Kwanon Inna

Bayan sadakar arba'in ɗin Baffa, mahaifina, kowa ya watse, gidanmu na Kademi ya rage daga ni sai Inna. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. Ko sau ɗaya ba ta ce in zauna ba. Ni dai ina ganin yadda kullum take cika butar Baffa ta ajiye a ƙofar ɗakinsa, abin yana ci mini rai.

Na roƙi shugaban sashenmu a Kano ya bar ni in yi aiki daga gida. Aikina gwajin nauyi ne: in sakar wa manhaja ɗaruruwan masu amfani na bogi a lokaci guda, mu ga ko za ta jure ranar da mutanen gaske suka yi mata caa. Ya ba ni mako guda. In gwajin ya kammala daga ƙauye ba yankewa, in zauna. In ya ƙi, in tattaro in dawo ofis.

Ranar farko ko mutum ɗaya na bogi bai wuce ba, kuma laifina ne. Duk saƙonmu sai ya bi ta furoksi, wata ƙofar tsakani kafin a isa kwamfutocin kamfani, ni kuwa gwanin na bar adireshin da ke aiki a cikin ofis kaɗai. Na gyara. Sannan na yi ta zaga gida da rauta, ƴar na'urar da ke jawo intanet, har na sami sabis a reshen darbejiyar bayan rumbu. Na rataye ta can, na koma zaure.

Gwajin awa uku yake ci, kuma bayan azahar ake buɗe mana hanya. Sai ya tashi lafiya, dab da la'asar komai ya ɗauke. Kwana uku a jere haka. Na zargi furoksi, na canza saiti, na kira abokin aikina har na yi masa tsawa ba gaira ba dalili. In na gaji na leƙa bayan rumbu, ga rauta a rataye, fitilarta shar. Farkon damina ne, kullum hadari ya haɗu ya baje, ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba.

Rana ta huɗu yana yankewa na fita da gudu. Reshe wayam.

"Inna, ina na'urar nan?"

Ta nuna ɗakinta da baki. Na same ta naɗe cikin sabon zane, a kwanon samira, an rufe da murfi. Nan Inna take adana duk abin da take ji da shi, tun jeren aurenta.

"Hadari na gani," in ji ta, idonta yana kan geron da take sheƙa. "Na ji kana waya, wai in abin nan ya lalace tafiya za ka yi. Kullum in hadarin ya baje sai in mayar."

Da faɗa na fito, amma sai na fasa. Na durƙusa na yi mata bayani a hankali, cewa ƙarfe yana tare sabis. Can ta miƙe ta buɗe ɗakin Baffa, wanda ba ta shiga ba tun ranar rasuwa, ta fito da malafarsa ta gona.

"Wannan fa? Ai kaba ce."

Washegari muka kifa ta a kan rauta, na ɗaure da igiya. Da la'asar aka yi yayyafi, amma gwajin ya kai ƙarshe ba ko tangarɗa. Shugabanmu ya ce shi ke nan, in zauna.

Na faɗa wa Inna. Ba ta ɗago ba, ta ce, "To, madalla." Da magariba na fito alwala, na tarar da butar Baffa cike da ruwa a ƙofar ɗakina.