Kirsimetin da Kawu Ya Riga Malam Yanka

Kawuna ya je Katsina taron shugabannin ikilisiya na kwana uku, ya dawo kamar wanda ya shekara uku a sama yana shan shayi da mala'iku. Ya zo da jaka mai zif, da takardar shaida, da wata sabuwar tafiya ta ɗaga haɓa. Ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga tashar Batsari ya sha wa'azi tun daga can har ƙofar gida. An ce bawan Allah ya kwana biyu kunnensa na ƙara.

A shekarar aka zaɓi Kawu dattijon ikilisiya. Ikilisiyar tamu kuwa, ko an haɗa da jarirai da baƙi, benci shida ya ishe mu. Amma in ya ce "jama'ata", sai ka rantse Batsari da Safana aka haɗa aka damƙa masa.

Magana ɗaya ya koyo a taron: shugaba bawa ne. Yakan faɗe ta yana kishingiɗe, ni ina goge masa takalmi. Ya ce Ubangiji Yesu da kansa ya wanke ƙafafun almajiransa, sannan ya miƙo mini ɗaya ƙafar.

Mu 'yan gidaje ne na Kirista a tsakiyar Musulmi. Tun Baba na da rai, kowace safiyar Kirsimeti Malam, maƙwabcinmu mai makarantar Islamiyya, shi ke zuwa da wuƙarsa ya yanka mana dabba, don maƙwabta su ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Inna ta dafa shinkafa, ni in yi ta jigilar kwanuka gida-gida. In Babbar Sallah ta zo, nama ya yi ta shigo mana har haƙora su nemi hutu. Da Baba ya rasu Kawu, yayan Inna, ya dawo gidanmu da zama, kuma wannan al'adar ce kaɗai Inna ta riƙe gam. Takan ce duk shekarar da kwanonta bai shiga gidan Malam ba, a ranar ne Baba ya mutu da gaske.

Da sassafe ranar Kirsimeti Inna ta tafi rijiya. Sai ga Kawu cikin singileti, wuƙar yankan albasa a hannu, yana jan bunsurun da Inna ta shekara tana kiwo.

"Ke, karɓi waya ki ɗauke ni hoto," in ji shi. "Yau jama'a za su ga shugaba yana aikin bayi da hannunsa."

Na san abin da zai biyo baya. Ko kajin gidanmu sun sani. Amma shekarata goma sha biyar, kuma na daɗe ban ga abin kallo ba, don haka na gyara tsayuwa na ce, "Kawu, ɗan ɗaga haɓa."

Ba zan ba da labarin yankan ba, don bunsurun ma yana da mutunci. Iyaka dai ya shure Kawu sau biyu, kuma ina da shaida.

Inna ta shigo da bokiti a ka, ta ga jini, ta ga wuƙa, ta ga yayanta yana haki. Ta sauke bokitin a hankali, abin da ya fi ihu ban tsoro.

"Yaya, wa ya yanka?"

"Ni. Shugaba bawa ne."

"To, bawan Allah, wa zai ci?"

Nan Kawu ya tuna. Na ga tunanin yana hawa fuskarsa a hankali, kamar akori-kura ta ɗauko buhunan gero a kan tudu. Kafin ya kai ƙarshe, muka ji sallama a zaure. Malam ne, a kan lokacinsa kamar kullum.

"Ki ce masa mahaucin Batsari ne ya biyo da asuba," Kawu ya raɗa wa Inna. "Wa zai sani?"

"Ranar haihuwar Almasihu zan zuba wa maƙwabta ƙarya a kwano? Je ka faɗa masa da bakinka."

Shugaban jama'a ya duba gabas, ya duba yamma, ya shige bayan rumbu.

Inna ta yafa gyale ta fita zaure, ina biye. Suka gaisa, kwana da gajiya da iyali da sanyi. Sannan ta faɗa masa gaskiya, ba ƙari ba ragi. Malam ya dubi wuƙarsa da ke naɗe cikin tsumma.

"Ba komai, maƙwabciya. Allah ya kai mu baɗi."

Ya juya zai tafi. Na dubi Inna, na ga ta tsufa a tsaye, sai dariyar da nake ɓoyewa ta gushe.

A daidai nan talotalon Kawu ya yi kuka daga cikin gida. Wannan talotalo a Safana ya sayo shi bayan zaɓe, don ya ce babban mutum ba ya kiwon kaza. Gyaɗa yake ci, mu muna cin ƙanzo. Tafiyarsu ma iri ɗaya ce da mai shi.

"Malam, ɗan dakata," in ji Inna. Ta ɗaga murya. "Yaya! Malam na gaishe ka!"

Kawu ya fito da yanar gizo-gizo a ka.

"A'a, Dattijo, ashe kana ciki? Barka da Kirsimeti."

"Barka kadai, Malam. Gara nake dubawa a gindin rumbu."

"Yaya," Inna ta ce, murya kamar zuma, "maimaita wa Malam abin nan da kuka koyo a Katsina."

Kawu ya waiga cikin gida. Talotalo ya sake kuka, kamar mai neman a tuna da shi.

"Shugaba..." in ji Kawu. Ya tsaya. "Ke, je ki kamo shi."

Malam ya warware wuƙarsa ya yanka. Kawu bai ce a ɗauki hoto ba. Na ɗauka duk da haka.

Inna ta ɗora tukunya biyu, kowace da ludayinta, murhu nesa da murhu. Talotalo ɗaya ba ya isar unguwa, saboda haka kowane kwano ya sami tsoka kamar kan yatsa, amma ya samu. Mu kuma muka ci bunsurun Kawu, mai tauri kamar tayar babur.

A majami'a Kawu ya miƙe ya yi mana jawabi a kan sadaukarwa. Ya ce tun a Katsina Ruhu ya nuna masa ya ba da abin da ya fi so. Matan zumunta suka yi guɗa. Na leƙa fuskar Inna, ko za ta tona shi. Idonta a rufe, tana addu'a, kuma ina zaton haƙuri take roƙo. Inna ba ta taɓa zuwa taro ba, ba ta da jaka mai zif. In aka tambaye ni abin da na sani game da bangaskiya, zauren nan nake tunawa, da gyalenta a karkace.

Da la'asar na je karɓo kwanuka. Matar Malam ta miƙo mini namu a wanke, da ƙullin gyaɗa a ciki.

"Ki kai wa kawunki," ta ce. "Na ji mai cin gyaɗar tasa ya riga mu gidan gaskiya."

Na kawo wa Inna. Ta buɗe kwanon, ta shafa cikinsa da yatsa, ta kife shi a inda yake zama tun zamanin Baba. Gyaɗar kuwa, ni na cinye rabi a hanya, na kai wa shugaba saura.