Nas ɗin da ta bi mai faci har bakin titi

Kafin a buɗe ɗakin masu ciwon zuciya, Anti Nas ta riga ta gyara gado, ta gwada abin awon jini a hannunta. Masu shara sun ce haka suka same ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Majinyatanta manya ne masu ɗauke da tabon yarinta. Akwai wani zazzaɓi da ke kama yara: ido ya yi ja, leɓe ya tsage, fatar yatsu ta saɓule. Yaro ya warke, amma wani sai a bar shi da kumburarrun jijiyoyin zuciya, inda jini kan daskare ko bayan ya girma.

Dogo mai faci na cikinsu. Da ya ji ƙarfi a jika, ya watsar da magani, ya daina zuwa hoton zuciya. Gwaggonsa ce ta ba ni labari. Ranar da Anti take hutu, ta same shi bakin titi, ta zauna kan tsohuwar taya.

"Anti, yau kuma sammaci ne?"

"Kai na zo ɗauka, ja'iri."

"Ni da nake ɗaga tayar babbar mota? Ƙalau nake."

Ta nuna wata taya mai ƙullutu a gefe. "Wannan fa, za ka bar direba ya hau hanya da ita?"

"Haba, fashewa za ta yi!"

"Ai ita ma tafiya take ƙalau."

Ya yi dariya, ya koma aikinsa. Ba ta tashi ba. Rana ta dawo tsakiyar kanta, direbobi suka fara cewa, "Dogo, tsohuwarka ka shanya haka?" Da ya ga abin ba wasa ba ne, ya kashe injin iska, ya wanke hannu, ya bi ta. Likita ya tarar gudan jini ya fara taruwa. Da wuri aka gano matsalar, kuma Dogo na nan yana faci.

Anti, ke ce mai nacin da ba ya faɗa. Ba ki taɓa tsorata kowa da mutuwa ba, zama kike yi har sai mutum ya ji kunyarki. Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ƙara lafiya.

Mu kuma da muka rage, kowa ya duba gidansu. In akwai wanda ya yi wannan zazzaɓin yana ƙarami, ko ya zama ƙato, a je a zauna masa har ya tashi ya tafi asibiti.