Moɗa Mai Jan Zare

Shekarar da idona ya koma ruwan ɗorawa, ni da aminiyata muna turara shinkafa a wajen Kura, tukunyarta kusa da tawa. Tun muna amare kwanonmu ɗaya. Yaya take ce mini, ko da yake wata biyu kawai na ba ta.

Ɗana ya kai ni asibiti. Likita ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga hantata ta ɓuya. Na ce to, cinye ni take yi ke nan. Ta ce a'a, ita ƙwayar ɓarnarta kaɗan ce. Akwai sojoji a jinin mutum, su ke bin ta lungu-lungu, duk inda ta laɓe a hantar su rushe wurin. Wannan rushe-rushen ne ya fito mini a ido.

Ban yi boko ba, amma na riga ta ganin wannan. Awaki biyu sun taɓa faɗa wa tumatirin marigayi mai gidana, maza shida suka bi su da sanduna. Abin da awakin suka ci bai kai kwando ba, ƙafafun mazan kuwa sai da suka kwantar da fangali uku.

Likitar ta ce irin tawa ba ta bin kwano ko moɗa. Ni kaɗai na ji wannan, ban kuwa ga wanda zan tsaya yi wa bayani ba.

Da na dawo, na tarar aminiyata ta ɗaura jan zare a moɗata, ta rataye ta nesa da randa. Abinci kullum tana kawowa, ba fashi, amma a bakin ƙofa take direwa, ta yi mini sannu daga tsaye. Wata uku ina kallon ƙafarta a ƙarƙashin labule.

Sojojin suka ci yaƙi, idona ya washe. Likita ta ce hanta kamar yakuwa ce, a yanke ta sake tohowa.

Ranar wata Juma'a sai ga ta da dambu, har tsakar ɗaki. Ta zauna, ta buɗe, ta turo mini.

"Yaya, sa hannu mana."

Na ce, "Na ƙoshi."

Ko karyawa ban yi ba ranar. Ta dawo sau biyu, har da tsiyar wai tsufa ya sa ni yanga. Na ce ta kula kar numfashina ya taɓa ta. Ta rufe kwanonta, ta ɗauki takalmanta.

Da damina ta faɗi, 'yarta ta ɗauke ta zuwa Dawakin Kudu. Mota ɗaya ce tsakaninmu. Na yi ta cewa sai an gama girbi, har aka aiko cewa ta rasu.

Moɗar tana nan, da ita nake sha. Jikata ta so ta kunce zaren, na hana ta. Ƙullin hannun aminiyata ne, irin wanda take yi wa bakin buhu.