Shirun Raliya

Ƙanwata Raliya tun tana ƙarama ake yabonta da kunya, ni kuwa tun a lokacin abin yake ba ni haushi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a Birnin Kudu aka haife mu. Idan baƙi suka zo gidanmu, mahaifiyarmu takan nuna ta ta ce ga 'yar arziki, ta nuna ni ta ce ga Barira. Ban taɓa musu ba, bakina ba ya zama a rufe. Raliya kuwa ko ƙafa ka taka mata ita za ta ba ka haƙuri.

Da ta yi aure Zandam aka kai ta, gidan Munzali, manomin gero da riɗi, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Ita ta so shi, kuma ba ya zaginta, ba ya dukanta. Ciwonsa ɗaya ne: ko farce zai yanke sai ya ji abin da mahaifiyarsa, Inna Kulu, za ta ce. Ita kuwa Inna Kulu ta sami irin surukar da take nema. A watan farko na auren talge ya zubo wa Raliya a ƙafa a gaban tsohuwar, ta ci gaba da tuƙa tuwonta har ta kwashe, sannan ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Har kasuwar Gwaram Inna Kulu ta kai wannan labari tana taƙama da shi.

Ta haifi 'yar fari, aka sa mata Kausar. Nan Raliya ta ɗauki kunyar ɗan fari ta ɗora a ka kamar don ita kaɗai aka yi ta. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in yarinyar ta faɗi sai ta kau da kai har kakarta ta zo ta ɗaga ta. Duk wanda ya tambayi lafiyar Kausar, Inna Kulu ce mai amsawa, don 'yar fari ta kaka ce. Ko a Zandam ba kowane gida ne ake tsanantawa haka ba yanzu, amma a wannan gida doka ce. Na sha gaya mata cewa 'yar nan a cikinta ta kwana wata tara, ba a cikin tsohuwa ba. Sai ta yi murmushi ta ce, Yaya ke nan.

Kausar tana da shekara biyu suka zo mini kwana biyu a Birnin Kudu, tari ya kama ta. Muka karɓo maganin ruwa a kemis. Kafin yamma leɓɓanta sun kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini. Muka kai ta asibiti, likita ya duba kwalbar, ya ce jikin yarinyar nan ba ya karɓar duk wani magani mai sinadarin salfa, kuma karo na biyu yakan fi na farko muni. Ya ce duk wanda zai ba ta magani a duniya, a fara gaya masa wannan. A gabana ya faɗa, na kuma maimaita wa Raliya har ta gaji da ni. Da ta koma ta gaya wa Munzali, Munzali ya gaya wa uwarsa. Inna Kulu ta ce ruwan Birnin Kudu ne bai karɓi jikarta ba, maganar ta mutu a nan.

Damina biyu bayan haka masu bincike suka shigo Zandam a farar mota. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara da damina suke bibiya, suna so su gane ko ƙwayar cutar ta yankinmu ta fara sabawa da shi. Sukan soki yatsar yaro su ɗauki ɗigon jini, su ba shi maganin, su dawo daga baya su sake dubawa. Ba ni da faɗa da maganin. 'Ya'yana sun sha, sun ƙare damina ba mu kwana a asibiti ba, haka yaran Zandam da yawa. Amma akwai salfa a cikinsa, shi ya sa kafin a ba kowane yaro sai an yi tambaya ɗaya: ko wani magani ya taɓa kumbura shi ko ya fito masa da ƙuraje.

Wadda ta shiga gidan su Raliya wata ma'aikaciyar lafiya ce, Nasiha, 'yar Fagam. Da baƙuwa ce daga nesa, da uwar za ta fuskanta kai tsaye. Amma ita 'yar gida ce, ta san ba a tambayar uwa labarin 'yar fari a gaban surukarta. Sai ta durƙusa ta gaida Inna Kulu, ta yi mata tambayar cikin ladabi.

"Jikata ba abin da ya taɓa samunta," in ji Inna Kulu. "A hannuna ta tashi."

Raliya tana nan a tsakar gidan, tana bakacen gero, ta ji komai. Daga baya ta gaya mini wai ta yi tari, ta gyara mayafi, ko Nasiha za ta juyo. Wai jira take tsohuwar ta shiga ɗaki, ita kuma ta bi ma'aikaciyar zaure ta raɗa mata. Ba ta san kashin farko na maganin a take ake bayarwa ba, a gaban idon ma'aikata. Tana riƙe da faifai aka narka ƙwayar a cokali, Inna Kulu ta riƙe haɓar Kausar, yarinya ta haɗiye. Duk lokacin da na tuna faifan nan raina ɓaci yake.

Kwanaki suka ɗan ja ba abin da ya faru, har Raliya ta fara cewa Allah ya rufa asiri. Sai zazzaɓi ya zo, idanun yarinyar suka yi ja, bakinta ya farfashe, jikinta ya fara bororo kamar an watsa mata ruwan zafi. Inna Kulu ta ce ƙyanda ce, ita kuwa ƙyanda ba ta son iska ba ta son allura, ta kulle ta a ɗaki tana ba ta jiƙo. Raliya ta san ba ƙyanda ba ce. Da saninta ta zauna har fatar bayan yarinyar ta fara saɓulewa tana manne wa tabarma, sannan ta laɓe a bayan rumbu ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa kamar ɓarauniya.

Shatar mota na ɗauka zuwa Zandam. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na ɗaga labulen ɗakin, warin da ya buge ni ya isa. Idanun Kausar sun manne da kwantsa, ba ta iya buɗe su, ba ta ma da ƙarfin kuka. Inna Kulu ta tare ƙofa ta ce ba a taɓa fitar da mai ƙyanda daga gidanta ba. Na gaya mata yau za a fara. Matan gidan suka taru suna ce mini fitsararriya, na amsa na ce na ji, su matsa. Munzali yana tsaye a gindin darbejiya yana murza hularsa. Na tambaye shi ko 'yarsa ce ko ta maƙwabta, ya kalli uwarsa. Ni na naɗe yarinyar a zani na fito da ita, Raliya ta biyo ni a baya, kai a sunkuye.

A asibitin Birnin Kudu aka sa mata ƙarin ruwa, aka lulluɓe jikinta da bandeji kamar wadda ta ƙone. Washegari shugaban masu binciken ya zo da kansa, wani likita mai farin gilashi da taushin murya. Ya yi mana bayani cewa a cikin dubban yara akan sami ɗaya wanda jikinsa yake ɗaukar maganin a matsayin abokin gaba, garin yaƙarsa sai ya afka wa fatar kansa. Ya ce har yanzu ba a gama gano dalili ba, shi ya sa suke yin tambayar nan. Na ce masa tambayar da aka yi wa wadda ba ta haifi yarinya ba, ba tambaya ba ce. Ya ce gaskiyata. Ban so ya yarda da sauri haka ba, don ban gama huce haushina ba. Nasiha ma ta zo tana hawaye, na ce ta adana su ta je ta koyi aikinta.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Rai dai in Allah ya yarda zai tsira, amma idanun ne abin tsoro. Fatar idon tana mannewa da ƙwayar idon daga ciki, idan ba a kai ta wurin likitocin ido a Kano yau ba, tana iya rasa ganinta gaba ɗaya. Motarsu tana waje, su za su kai ta. Yana kuma roƙon a yarda su ɗebi jininta su bincika, ko za a gano alamar da za a riƙa gane irin waɗannan yara tun kafin a ba su maganin. Ya ce ko ba a yarda da ɗibar jinin ba, tafiya Kano tana nan.

Inna Kulu ta iso ke nan, ita da ɗanta. Ta ce sun cinye mata fatar jika, yanzu kuma jininta suke so, ba inda za ta sai gida, akwai malamin da zai yi mata tofi. Likita ya juya wurin Munzali, tunda shi ne uba. Munzali ya ce to, ai Inna ta yi magana. Na buɗe baki zan fara, nas ta dafa ni ta ce ni ba uwa ba ce ba uba ba, ba ni da ta cewa a nan. Aka zuba wa Raliya ido.

Tana zaune a bakin gadon. Ba ta kalli kowa ba. Ta miƙe, ta sa hannu biyu ta ɗauki yarinyar da zanin gadon gaba ɗaya.

"Likita, ina motar take?" Abin da ta ce ke nan.

Inna Kulu ta kira ta, ta sake kira, ta ce in ta fita ƙofar nan kada ta ƙara taka mata gida. Raliya ta wuce ta gefenta. Na kwashi kwano da buta na bi su, ina jin daɗi ina kuma jin kamar in mare ta, don wannan tashin a tsakar gidan Zandam ya kamata ta yi shi.

Mun daɗe a Kano. Kullum sai an buɗe idanun an wanke an raba inda ya manne, Kausar tana ihu, Raliya tana danne da hannayenta. Ita ta ba da izini aka ɗebi jinin. Idon dama ya tsira, ko da yake ba ya yin hawaye, sai an riƙa ɗiga masa magani. Na hagu ya yi fari ya mutu. Likitan ido ya ce kwanakin da aka yi a ɗaki ana jiyyar ƙyanda su suka cinye shi.

Masu binciken sun kyauta daidai gwargwado, ba zan ci haƙƙinsu ba. Na ji an ce yanzu sai sun ja uwa gefe ita kaɗai suke tambayarta, kuma likitan nan mai farin gilashi ya aiko mana cewa sun rubuta abin da suka gano a jinin Kausar, masana a wasu ƙasashe suna karantawa. Allah ya amfanar da 'ya'yan wasu. Ni dai ban ga wanda ya rubuto mana ido ba.

Munzali bai sake ta ba, bai kuma zo biko ba sai da uwarsa ta ga dama. Raliya ta koma, ni kuwa na ce ba da yawuna ba. A Zandam bakunan da suka yi shekaru suna yabon kunyarta su ne suka juya. Wasu suka ce ta yi wa surukarta rashin kunya a gaban baƙi, wasu suka ce wace irin uwa ce za ta zauna tana bakace ana ba 'yarta abin da zai kashe ta. Mace ɗaya takan faɗi duka biyun a zama ɗaya, ba ta ji wani abu ya sosa ta ba. Ita Raliya ba ta tanka wa kowa. Tana aikinta, tana ɗiga wa yarinyar magani safe da yamma, ta ɗinka mata 'yar hula mai baki saboda rana.

Bara da sallah suka zo mini. Kausar ta shiga makaranta, ta yi wayo, tana karkata kai idan za ta kalli mutum. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, Raliya ta kwantar da ita a cinya tana buɗe kwalbar maganin, sai yarinyar ta ce yara a makaranta suna ce mata mai ido ɗaya. Na ce ta nuna mini gidajensu. Ba ta kula ni ba, uwarta take kallo.

"Umma, Inna ta ce ranar da aka ba ni maganin kina wurin. Ta ce ke kin san zai yi mini haka, ita ba ta sani ba."

Na yunƙura zan faɗi abin da ke bakina a kan tsohuwar nan, Raliya ta ɗaga mini hannu.

"Ina wurin," ta ce. "Na sani."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Raliya ta riƙe kwalbar a saitin idon da ya rage, maganin ya kuskure idon ya ɗiga a kumatun yarinyar ya gangara. Kausar tana kwance ba ta ƙifta ba, tana jiran amsa.