Murfin Rediyo a Gaban Motar Baba

Duk sanda na ji ƙaurin roba tana narkewa, ko da shara wani ke ƙonawa a bakin titi, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na Kurmin Mashi, ina 'yar shekara goma sha biyu, da littafin soyayya ɓoye cikin littafin lissafi. Wataƙila kai warin nan toshe hanci yake sa ka. Ni murmushi yake sa ni.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, kuma motarsa guda ce tun yana saurayi, fara mai dogon baya. A cikinta aka ɗauko Mama ranar aurensu. A gabanta, tsakanin fitilu biyu, akwai baƙar raga ta roba wadda iska ke bi ta shiga wurin injin. Mu yara haƙoran mota muke ce mata.

Farkon damina ne, ƙasa na ƙamshi, saura kwana tara bikin Yayarmu. Mama ta riga ta roƙi dangin ango su bari a kai amarya a motar Baba, sun kuma yarda. Sai ragon da aka sayo don walima ya tsinke igiya, ya hango kansa a jikin ƙarfen bamban motar mai ƙyalli, ya ja da baya ya kai karo. Ragar ta dare daga sama har ƙasa, ɓari guda yana lilo.

Baba ya zaga kasuwar kayan mota kwana biyu, kowa ya ce an daina yin irinta. Ya sayo gam ya liƙe, ya tafi ofis a Doka. Kafin ya dawo zafin inji da ramukan hanya sun buɗe tsagar.

Ya ce, "Ba zan kai 'yata gidan miji a mota mai giɓi ba. Dangin ango su zo da tasu."

Mama tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "A wadda aka kawo ni za a kai ta, Malam. Kwance mini abin."

A gidanmu ba a yar da bokiti ko baho don ya tsage. Mama kan sa tsohuwar wuƙa a gawayi, ta yanko wata roba ta narka a kan tsagar. Da ta hura wuta ranar Asabar da hantsi, Baba ya yi dariya.

"Hajiya, mota ce fa, ba bahon wanki ba."

"Roba dai ce ko? Riƙe mini nan."

Ta fara da yankin tsohon bokiti. Da ya huce ta sa farce, ya ɓare kamar ɓawon albasa. Na jira Baba ya ce ai ya faɗa, amma mafici ma ya ɗauka ya shiga fifita wutar.

Mama ta kai wuƙar kusa da hanci. Ta ce bokiti ƙamshin kyandir yake yi, ragar kuwa ƙaurinta mai hawa kai ne, kuma roba ba ta kama sai 'yar'uwarta. Haka ta bi gidan da wuƙa mai zafi, ina biye da ita, tana taɓa abu tana shinshinawa. Ta taɓa mataji, ta taɓa buta, ta taɓa marfin kula. Can ta shiga ɗakinta ta tsaya gaban baƙar rediyon da Baba ya kai mata lokacin yana zuwa zance. Ta ɗan ɗosana wuƙar a murfin baya, ta shinshina, ta sauke wuƙar.

Baba yana bakin ƙofa. "Ita ce?"

"Ita ce. Amma ba na so."

Ya ɗauki rediyon ya juya bayanta. Ya ce, "Murfi ne kawai. Muryar tana ciki." Da hannunsa ya kwance kusoshin.

Suka kifa ragar a kan tabarma. Shi yana haɗa bakin tsagar, ita tana lanƙwasa gutsattsarin waya, ta gasa su, ta nutsa su cikin robar ta baya yadda fuska ba za ta nuna ba. Sannan ta yanka murfin siri-siri tana narkawa a kai. A littattafan da nake ɓoyewa, masoya a lambu suke zama, da furanni da sanyin iska. Waɗannan kuwa kansu a haɗe, suna tari, hayaƙi na sa su hawaye, yana ce mata ta ƙone shi, tana ce masa ya daina motsi kamar yaro a wurin aski. Ranar ban buɗe littafina ba.

Da aka gama, Baba ya goge fuskar ragar da man takalmi. Ranar kai amarya an yi ruwa, Yaya tana kuka a kujerar baya, Mama kuwa ta tsaya a ƙofar gida tana kallon motar har ta sha kwana zuwa Mando. Motar ta je ta dawo, haƙoranta cif.

Yanzu motar tana ƙarƙashin rumfa, sai ranar Juma'a Baba ke tayar da ita. Kwanaki maigidana ya nuna masa a waya cewa ana iya yin odar sabuwar raga daga waje. Baba ya gode masa, ya kama hannunsa ya zura ta bayan ragar don ya ji tabon, ya ce, "In aka canza, ina zan kai wannan?"

Rediyon tana nan a ɗakin Mama, bayanta a buɗe, ana ganin wayoyinta. Da safe Baba ke shiga ya kunna mata.