Tukunyar da Ba a Wankewa

Kowa ya ɗauki labarin nan a karkace. A Dagenham, unguwar da nake zaune, cewa ake wai wata Hajiya ta tsinka ni a gaban jama'a saboda ina aiki a gidan giya, na fita ina kuka. A wurin aiki cewa suke na kori masu cin abinci da yaren da ba wanda yake ji. Wasu har sun ƙara gishiri, wai Japanawa na ciyar da Musulmi alade da gangan. Duk ba haka ba ne. Ban yi kuka ba, kuma a duk gidan nan wani tsoho Bajapane ne kaɗai ya gaya min gaskiya ba kwana-kwana. Tunda ku biyu kun dame ni in sama muku aiki a irin wuraren nan, ku nutsu ku ji, sau ɗaya zan faɗa.

Juma'ar da abin ya faru ba za ta fita daga kaina ba, amma sai kun san wurin tukuna. Yana wani lungu bayan tashar Charing Cross, sai an sauka matakala. Gidan abincin Japanawa ne, izakaya suke ce masa. Ba irin gidan abincin da za a ajiye maka faranti ɗaya ka cinye ka tashi ba ne. Ƙananan kwanuka ake ta kawowa, a ci tare, a yi ta hira, masu giya su sha giyarsu, saura su sha koren shayi. Abin da aka fi zuwa dominsa shi ne yakitori, wato tsiren kaza a kan gawayi. In baƙo ya shigo kuwa, dole duk ma'aikata mu ɗaga murya mu yi masa maraba da Japananci, ko da miya mai zafi ce a hannunka.

A sama akwai manaja, Simon, Bature ne, shi ke raba mana shift, wato lokutan aiki. Kicin kuwa ba huruminsa ba ne, na Taisho ne. Taisho ba suna ba ne, kamar a ce maigida. Shi ne tsohon da na ce muku, gajere ne, kullum da tawul ɗaure a goshi, shi kaɗai ke tsayawa gaban wuta. Ƙarƙashinsa akwai masu yanka nama su jera a tsinke, sai mu masu kai abinci tebur, sai can ƙarshe mai wanke-wanke, Baba Awudu, mutumin zangon Kumasi, wanda Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a wurinsa. Ni a lokacin ina probation, wato watannin gwaji da za a iya sallamar mutum ba sai an ba shi dalili ba.

Farkon shekarar nan Simon ya liƙa takarda a ƙofa, wai kazarmu halal ce. Larabawa yake hange, da ma'aikatan ofisoshin titin Northumberland Avenue da ke kusa. Ya tara mu ya nuna mana shaidar mai kawo kajin, ya ce duk wanda ya tambaya mu ce kazar halal ce. Ni dai ban taɓa sa abincin gidan a baki ba, da kular shinkafata nake zuwa. Ba ustazanci ba ne, abin da ban ga dahuwarsa ba ban yarda da shi ba.

Ranar Laraba na ɗauki waya, wata mata tana son booking, wato a ajiye mata tebur na mutum huɗu, Juma'a da la'asar. Ta ce sunanta Maimuna. Da ta ji yadda na maimaita sunan sai ta juya harshe.

"Ke Bahaushiya ce?"

"E, Anti. Bilkisu sunana."

"Kai, alhamdu lillahi! Mahaifiyata ce ta zo daga Katsina ganin likita. Tunda ta sauka ba ta ci nama ba, ta ce ba ta yarda da yankan garin nan ba, duk ta rame. Na ce zan kai ta ta ci tsire. Ni na sha ci a wurinku da 'yan ofis. Halal ne dai ko, ƙanwata?"

"Kazar halal ce, Anti."

"To shi ke nan, tunda ke kika faɗa."

Wannan "tunda ke kika faɗa" ita ta hana ni sakat. Da Simon ta tambaya, da ba ruwana. Amma yanzu tsohuwa za ta buɗe baki ta ci abu a kan maganata, ni kuwa maganar ba tawa ba ce, haddace ta na yi. Me ya sa kullum "kazar" ake cewa? Me ya sa ba a cewa "abincin"?

Da ma akwai abin da na daɗe ina wa kallon banza. Kusa da wutar Taisho akwai wata baƙar tukunyar ƙasa, cike da miya mai kauri da suke kira tare. Kowane tsinke in ya fara gasuwa sai ya tsoma shi a ciki ya mayar kan wuta. Duk abin da ke kicin ɗin nan ana wanke shi har sai ya yi ƙyalli, amma ban taɓa ganin tukunyar nan a wurin wanki ba. Washegari na tarar da Baba Awudu yana goge tire, na tambaye shi.

"Kai Bilkisu, ka rufa min asiri," in ji shi. "Sati na farko na ɗauki tukunya nan zan wanke. Tsoho nan ya yi ihu kamar na ɗauki jikansa! Saura kaɗan a kore ni. Ba a wanke shi, ba a zubar da shi. In ya ragu a tafasa sabo a ƙara a kai. Sun ce ya girme ka."

"Me ake zubawa?"

"Kwalba-kwalba nake fitarwa da safe. Ni ba na karanta rubutu nasu, amma hanci na bai mutu ba."

Na nufi Simon. Yana danna kwamfuta, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ai waken suya ne da sukari. Na ce sai me? Ya ce sauran sirrin Taisho ne. Mutumin da ya san farashin kowane cokali a gidan, wai bai san abin da ke cikin miyar da ake sayarwa ba. Duk yinin ranar in na je ɗaukar kwano sai in ɗan daɗe a tagar kicin. Ba a jima ba na gani da idona: tsinken kitsen alade ya shiga tukunyar yana ɗiga, ya fito, na kaza ya bi bayansa. Hannu ɗaya, tukunya ɗaya.

Ranar Juma'a na zo da wuri, kafin a buɗe. Taisho yana hura gawayi. Ba a yi masa magana in yana haɗa wuta, amma ni ba ni da lokacin ladabi. Na ce, "Taisho, me ke cikin tukunyar nan?" Na ɗauka zai ɓoye. Sai fuskarsa ta washe. Da guntun Turancinsa ya ce tun yana yaron shago ubangidansa ya ɗibar masa daga tasa tukunyar, da ita ya fara, ba ta taɓa ƙarewa ba. Ya lissafa min: ruwan waken suya, sukari, giyar shinkafa iri biyu.

"Giya?"

"Ta ƙone. Wuta ta cinye ta."

"Aladen fa?"

Ya ɗaga yatsa yana murmushi. "Shi ne daɗin! Kitsen kowane tsinke yana zama a ciki. Shekara da shekaru."

Alfahari yake yi, Allah ya sani. Na ce Simon ya san haka? Ya ce tun ranar da aka liƙa takardar ya gaya masa, Simon ya ce kaza ya rubuta, bai rubuta miya ba.

Na koma wurin Simon na ce ina son lambar matar da ta yi booking. Ya ce don me. Na gaya masa. Ya rufe kwamfutar a hankali.

"An tambaye ki kaza, kin ce halal ce. Ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce."

"To ki tsaya a nan. Kuma ki tuna ba ki gama probation ba."

Na tuna. Ɗakin da nake haya a Dagenham ba kyauta ba ne, kuma na san wahalar da na sha kafin in sami wannan aikin. Na yi ta jera tsinkunan cin abinci a kan tebur ina cewa a raina wataƙila a yi cancel, su fasa zuwa, wataƙila jirgin ƙasa ya tsaya.

Ba a yi ba. Daga masallacin Regent's Park suka zo. Anti Maimuna a gaba da 'yan matanta biyu, Hajiya a baya tana dafa bango, tana sauko da ƙafa ɗaya-ɗaya. Ma'aikata suka kwarma ihun maraba, tsohuwa ta ja da baya.

"Lafiya? Faɗa ake?"

"Gaisuwa ce, Hajiya," na ce, na rusuna na gaishe ta.

Ta kama hannuna ta ƙare min kallo. "'Yar wace gari ce ke? Zariya? To madalla." Ta zauna ta shaƙi hayaƙin gawayin, ta lumshe ido. "Kai, wannan ƙamshi kamar bakin tasha da magariba. 'Yar nan, kawo min mai yawa, kada ki ji tausayin aljihun Maimuna."

Simon yana tsaye wurin karɓar kuɗi, idonsa a kaina. Na sunkuya kusa da Anti Maimuna na ce, "Anti, ko za ki ɗan zo, akwai maganar da zan gaya miki." Tana duba waya ta ce, "Faɗi nan mana, ai duk gida ne."

To, na faɗa. Da Hausa, ina murmushi irin na aiki, kamar ina karanta musu abincin ranar. Na ce kazar yankan Musulmi ce, amma miyar da ake tsoma ta akwai giya a ciki, kuma nan ake tsoma alade, ba a taɓa wanke tukunyar ba. Na ce akwai mai gishiri zalla da ba a tsomawa, amma a kan ƙarfe ɗaya ake gasawa, ba zan ce musu ya tsira ba.

Hajiya ta janye hannunta daga kan teburin ta sa a cinya. Sannan ta juya a hankali.

"Maimuna. Ba cewa kika yi kin sha ci a nan ba?"

"Hajiya, ai ban sani ba..."

"Ba ki sani ba, ko ba ki tambaya ba? Duk karatun nan?"

Anti Maimuna ta watso min ido. "Ke kuma da ba sai ki ja ni gefe ba?"

"Na ja ki, Anti. Kika ce in faɗi nan."

"Kuma ranar Laraba ke kika ce min halal ne."

"Kazar na ce. Abin da aka ce in ce ke nan. Yau na gama jin saura."

Hajiya ta dube ni. "Ke kina cin abincinsu?"

"A'a, Hajiya."

"Kin yi wa kanki gata. To samo min ruwa. Na roba, wanda ba a buɗe ba, ki kawo in buɗe da kaina." Har ni ba ta yarda da ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta sha, ta sa min albarka, ta ce wa 'yarta su tashi, gara ta koma kan shayi da burodi. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ba tsinkawa, ba kuka.

Suna hawa matakala Simon ya tare ni, ya ce me na ce musu. Na ce abin da ke cikin tukunya. Bai yarda iyakarta ke nan ba, ya kira Baba Awudu, wanda ke kwashe kofuna kusa da teburin lokacin, ya ce ya fassara masa. Baba Awudu ya karkace kai ya ce, "Oga, ni Hausa na Ghana ne. Nasa daban. Ba na jin komai."

Bai kore ni ba, ya fi haka wayo. Ya rage min shift, ya mayar da ni ranakun da ba kowa, ya ce wa sauran in mai ɗankwali ta shigo kada a ba ni teburin. Na roƙi Taisho ya yi tukunya ta biyu da wuta daban. Ya ce sabuwar miya jaririya ce, ba zai sa sunansa a kanta ba. Yanzu ma ba ya amsa gaisuwata, don an ce masa wai na kira tukunyarsa ƙazanta. Wa ya ce masa, ban ji da kunnena ba, amma ina da wanda nake zargi. Haka labarin kukan da ya isa Dagenham, na san bakin da ya fi kama da shi. Anti Maimuna ba cin aladen ya fi ƙona mata rai ba, jin da uwarta ta yi ne.

Abin da na koya a sana'ar nan shi ne ba kasafai ake yi maka ƙarya tsagwaronta ba. Kowa yana yanko gaskiya daidai inda ta yi masa, ya miƙo maka, sai kai mai kai abinci ka ɗauka ka kai tebur da fuskarka. Manaja yana bayan kwamfuta, mai gashi yana bayan hayaƙi, kai ake gani, kai ake yarda da kai, musamman in ka yi yaren mutum. In kun sami aikin, kada ku tsaya a tambayar nama. Ku tambayi miya, ku tambayi mai, ku tambayi ƙarfen gashi, kuma ku tambayi wanda ke wanke-wanke kafin ku tambayi manaja.

Jiya wasu Larabawa sun ci tsiren har da ƙari, ina can lungu ina goge kofuna ina kallonsu. Ba zan sake tsayawa haka ba. Ranar Litinin da safe zan je council, wato ƙaramar hukuma, sashen da ke duba abin da masu abinci suke rubutawa a ƙofa, in faɗi abin da na gani da sunana. Amma sai na fara biyawa ta wurin Simon na gaya masa inda za ni, don kada ya wahalar da kansa neman wanda ya kai ƙara. In ya sallame ni daga nan, da ma da kulata a hannu na zo.